Shekara Saba'in Ana Neman Gam da Zai Jure Danshin Haƙori

Har tsakiyar ƙarni na 20, likita ba ya manna ciko a haƙori, cusa shi yake yi. Sai ya fafe ramin, ya faɗaɗa gindinsa, ya danna haɗin azurfa da zaiba. Siffar ramin ce ke riƙe cikon, kuma lafiyayyen haƙori mai yawa ke salwanta wajen fafewar. A 1955 Michael Buonocore, a Rochester ta Amurka, ya ari dabarar masana'antu, inda ake wanke ƙarfe da asid na fosforik kafin a shafa masa fenti. Ya ɗiga asid ɗin a ɓawon haƙori na daƙiƙa 30, saman ya yi kaushi, roba ta shige ƙananan ƙofofin ta maƙale. Da Rafael Bowen ya samar da robar Bis-GMA a farkon shekarun 1960, maganar ɓawo ta kusa ƙarewa, domin shi kusan dutse ne, kimanin kashi 96 cikin ɗari ma'adini.

Wahalar tana ƙarƙashin ɓawon, a dantin, wanda kusan kashi 20 nasa zaren kolajin ne, kashi 10 ruwa, ga dubban siraran bututu masu tsattsafo da danshi. Tun 1949 Oskar Hagger ya haɗa gam don dantin a Landan, amma sai a 1979 Takao Fusayama na Tokyo ya yi ƙarfin halin zuba wa dantin asid, abin da likitocin Amurka da Turai suka daɗe suna tsoro. A 1982 Nobuo Nakabayashi ya nuna sirrin riƙon: roba tana ratsa zaren kolajin su saƙu da juna. A nan ne, a ganina, sana'ar ta yi tuntuɓe. An riƙa auna ƙarfin gam kwana ɗaya bayan mannawa, kamfanoni kuma suka shiga tseren rage kwalaben gam daga uku zuwa ɗaya. Don a cimma haka aka ƙara sinadarai masu son ruwa, sai gam ɗin ya koma tsotson danshin da zai ruɓar da shi. A 2004 David Pashley da abokan aikinsa suka gano cewa ko babu ƙwayar cuta, wasu sinadaran narkarwa da ke kwance cikin dantin suna cinye kolajin ɗin da roba ba ta rufe ba. Gwajin kwana ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba.

Mai ja zai ce, to me ya raba mu da azurfa, wadda a turame takan fi farin cikon roba daɗewa, musamman a bakin mai yawan ruɓewar haƙori? Maganarsa tana da ƙarfi. Sai dai cikon da aka manna ana iya gyara gefensa ba tare da sake fafe haƙorin ba, ga kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 da ta sa duniya rage amfani da zaiba, har Tarayyar Turai ta hana cikon azurfa daga 2025. Laifin kuwa ba na mannawa ba ne baki ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun bi marasa lafiya shekara 13, suka tarar gam mai mataki uku, da mai mataki biyu ɗauke da sinadarin MDP na kamfanin Kuraray, suna riƙe da mafi yawan cikon da aka manna da su.