Wa Ke Cin Riba Idan Aka Ce "An Hana"? Daga Damben Sakkwato Zuwa Dodannin Pokémon

A ƙasar Sakkwato dambe sana'ar rundawa ce tun asali. Idan kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, sai mahauta su kama hanya gari-gari, su yi yanka da hantsi, da la'asar kuma makaɗa su saɓa kalangu a buɗe fage. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, ya bi shi da zare tamau; wannan shi ne mashinsa. Ɗaya hannun yana miƙe gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da ya miƙe yana murmushi.

Wannan fage ne ya fito da Shago da Ɗandunawa, shi ne kuma ya ba Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan Anace abin faɗa, har waƙarsa ta Shago ta zaga ƙasar Hausa ta rediyo da kaset. Sai dai damben da Ɗan Anace ya yi wa kiɗa ya sha bamban da wanda samarin Mabera da Runjin Sambo ke kallo a waya yau. Tsakanin biyun akwai jerin abubuwan da aka hana, kowane hani kuwa ya taɓa yadda ake cin wasa.

A da akwai masu tsoma zaren hannunsu cikin ƙaro su barbaɗa masa dakakkiyar kwalba. Naushin ba sai ya zauna ba. Da ya shafi fuska sai ta tsage, jini ya rufe ido. An haramta wannan. Akwai masu ɗaura akayau a ƙafa don shurin ya yi nauyi, shi ma an bar shi. Layu da guraye har yanzu ba su ɓace ba, amma masu shirya gasar zamani ba sa maraba da su. Tun daga 2017, da Dambe Warriors suka fara ɗora wasanni a YouTube, kamfanoni irin su da African Warriors suka shigo da sikeli da agogo da likita a bakin fage.

Duk mai son dambe ya taɓa jin gardamar da ke biyo bayan sabuwar doka a majalisa: wane ya gama yawo, wane kuma yanzu zai fara. Matsalar ita ce ba a rubuta tarihin dambe da lissafi ba, a bakin makaɗa da dattawa yake. Amma akwai wani wasan karawa a duniya da ake ƙirga kowane turmi nasa, kuma tarihinsa na koyar da yadda ake hasashen abin da zai biyo bayan hani.

Sunan wasan Pokémon. Kamfanin Game Freak na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1996, Nintendo ya fitar da shi a kan 'yar na'urar Game Boy. Ya fara da dodanni 151, yau sun haura 1,000. Kowane ɗan wasa yakan zaɓi guda 6, kowane dodo da salon hari 4, sai a kara bi da bi har na wani su ƙare. Kowane dodo da jinsinsa: na ruwa yana cin na wuta, na wuta yana cin na ciyawa, na ciyawa yana cin na ruwa. Saboda haka rabin nasara tun wajen haɗa tawaga ake samun ta, kafin a jefa hari ko ɗaya.

A 2004 masu sha'awar gasar suka kafa wata ƙungiya a intanet mai suna Smogon. Su ba ma'aikatan Nintendo ba ne, 'yan wasa ne da suka tsara wa kansu doka. Duk wata suna fitar da alƙaluman dodannin da aka fi amfani da su. Idan wani ya gagari kowa, sai a sa shi a mizani: waɗanda suka nuna ƙwarewa a fage ne kaɗai ke da ƙuri'a, kuma yawanci sai kashi 60 cikin 100 sun amince kafin a kore shi zuwa rukunin gagararru da suke kira Ubers.

Babbar kora da ta girgiza su ta zo a 2008, a kan Garchomp. Dodo ne mai gudu da ƙarfi, idan kuma guguwar yashi ta tashi a fage sai harin abokin karawa ya riƙa kuskure masa. Aka kore shi, mutane suka yi ajiyar zuciya. Ba a jima ba Salamence, wanda ke yin kusan irin aikinsa, ya hau kujerar, har shi ma aka kore shi a 2010. Da ya tafi, Dragonite da aka daɗe ana yi wa kallon ƙanensa ya samu shiga. Darasin farko ke nan: kujerar gwani ba ta kwana babu kowa. Mai son hasashe ya fara da neman wanda ya fi kama da wanda aka kora.

A 2011 abin ya sake salo. Masu wasa suka gano cewa idan aka haɗa dodon da ke saukar da ruwan sama da waɗanda gudunsu ke ninkawa cikin ruwa, babu mai tsayar da su. Smogon ba ta kori kowa ba, haɗin kawai ta haramta. Da ruwa ya lafa sai yashi ya samu sarari: Excadrill, wanda gudunsa ke ninkawa cikin guguwar yashi, ya addabi fage har aka sallame shi kafin shekarar ta ƙare. Ashe masu ruwan ne ke danne shi. Darasi na biyu: kowane gagararre yana zaune a kan wasu, ranar da ya tashi su ma za su miƙe.

Darasi na uku shi ne wanda aka fi mantawa. A ƙarshen 2019 aka fito da Dracovish, dodo mai cizo ɗaya na jinsin ruwa da ƙarfinsa ke ninkawa idan ya riga abokin karawa motsi. Kusan babu mai jure cizon, sai wanda ruwa ba ya yi wa illa. Nan take wani kwaɗo mai suna Seismitoad, wanda a da ba a cika waiwayarsa ba, ya cika tawagogi, don shi harin ruwa ƙara masa lafiya yake. Aka kori Dracovish a 2020. Seismitoad bai yi laifin komai ba, ba wanda ya kaɗa ƙuri'a a kansa, amma cikin ɗan lokaci ya faɗo daga babban rukuni. Haka ta faru da Ditto mai kwaikwayon abokin karawa: da aka hana dabarar Dynamax, mai kumbura dodo ya zama ƙato na zagaye uku, a Disamban 2019, kasuwarsa ta ja baya. Wanda abincinsa maganin gwani ne, korar gwani korarsa ce.

Yanzu 'yan wasan sun gane karatun. Da aka fitar da sabon wasan Pokémon, Scarlet da Violet, ranar 18 ga Nuwamba, 2022, cikin kwanaki kaɗan aka kori Flutter Mane da Houndstone, Palafin da Iron Bundle suka bi bayansu. Kafin a sanar da hukunci, gwanaye sun riga sun zauna suna lissafin magaji, da wanda zai samu sarari, da wanda zai rasa aiki.

Idan aka ɗora waɗannan tambayoyi uku a kan dambe, abubuwa da yawa suna fitowa fili.

Hana kwalba ya kashe nasarar shafa. Wanda a da yake dogara da yankan fuska dole ya koyi naushi mai zama, ya san lokacin sakinsa. Magajin kwalba shi ne saiti. Waɗanda suka samu sarari kuwa su ne masu shiga jiki, waɗanda a da tsoron tsagewa ke tsayar da su nesa. Barin akayau ya sauƙaƙa ƙafa, ya mayar da shuri abin ruɗa abokin karawa da karya masa tsayuwa kafin mashi ya iso.

Sikeli ne babban hanin wannan zamani, domin abin da ya hana shi ne haɗa ƙato da ƙarami. A fagen gargajiya babu abin da ke tayar da 'yan kallo tsaye irin siririn yaro ya zille wa dogo, ya shammace shi ya kai shi ƙasa, kalangu ya ɗauka, kuɗi su yi ta zuba a goshi. Akwai 'yan damben da sunansu kacokan a kan wannan ya ginu. A gasar da ake awo, gwanin kayar da ƙatti ba shi da ƙaton da zai kayar, ya zama Seismitoad na dambe. Amma ƙananan da a da ƙatti ke hana su kai ga damben mota yanzu suna da kambunsu, kuma shekarunsu a fage za su ƙaru tunda dukan da suke sha ya ragu.

Agogo da maki su ma za su yi nasu aikin. Tsohon dambe yana da doguwar tsayuwa: a duƙa, garkuwa na taɓa garkuwa, ana auna juna, turmi ya ƙare babu kisa a tashi ba wanda ya ji kunya. Inda alƙalai ke ba da maki, mai jiran naushi ɗaya tilo zai iya faɗuwa ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Ana iya sa ran yawan kai hari zai ƙaru, dogon numfashi zai yi daraja, hannun garkuwa kuma zai tashi daga tsaro kawai ya koma abin buɗe hanya. Ɓangarorin dambe na Arewa da Kudu da Guramada duk za su shiga neman yara masu gudun safe da kula da nauyin jiki, ba masu faɗin ƙirji kaɗai ba.

Wani abu guda ya raba dambe da Pokémon, kuma ya kamata masu shirya gasa su riƙe shi. Smogon tana tambayar waɗanda ke cikin fage kafin ta yanke hukunci, dodon da aka kora kuwa ba shi da iyali. Ɗan damben da doka ta rufe wa kasuwa yana da mata da 'ya'ya da makaɗin da ke ci a jikinsa. Sarakunan dambe da tsofaffin da suka sa zare sun cancanci a zauna da su kafin a rubuta kowace sabuwar ƙa'ida.

Fagen ƙauye ba zai sayi sikeli gobe ba. Abin da ya fi kusa shi ne dambe iri biyu su ci gaba tare: na kaka, inda kisa ne kaɗai hujja, da na kyamara, inda ake awo da ƙirga maki. Yaron da ke koyon sa zare a Sakkwato yau zai buƙaci iya duka biyun, ya san yadda ake jiran ƙato a Kware ko Wurno, ya kuma san yadda ake tara maki a kan tsaransa a Kano ko Abuja.