Daga Jajin Nana Asma'u Zuwa Darasin Wayar Hannu

Kai ilimi kyauta ga wanda ba ya iya zuwa makaranta tsohon aiki ne a ƙasar Sakkwato. Bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno wajen 1830, ƙanwarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru. Matar aure a ƙauye ba ta da halin barin gida, sai tsofaffi da 'yan mata su tako a ƙarƙashin jaji, dattijuwa amintacciya da ake naɗa wa malfa da jan ƙyalle. Su haddace waƙoƙin Asma'u na Hausa da Fulatanci kan tsarki da salla da zaman duniya, su koma su biya wa na cikin gida. Jaji ta san wadda ta iya, ta san wadda karatu ya kakare wa, kuma a nan ingancin tsarin yake.

Jami'ar karatu daga gida ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, ta riƙe wannan hikima: darasi a rediyo da talabijin, amma kowane ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa. Nijeriya ta kafa tata a 1983 zamanin Shehu Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Da intanet ta yaɗu, jami'ar MIT ta Amurka ta fara sakin darussanta kyauta a 2002, shafukan karatu na Coursera da edX suka biyo a 2012. Miliyoyi suka yi rajista, amma bincike ya sha nuna cewa a yawancin kwasa-kwasan, masu kammalawa ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma galibinsu masu digiri ne tun asali. An buɗe ƙofa, an cire mai sa ido.

Wani zai ce waya tana isa inda jaji ba ta taɓa takawa ba, kuma ɗaukar malamai kuɗi ne. Gaskiya ne, ba kuma abin rainawa ba ne saurayi a Goronyo ya saurari malamin jami'ar Amurka. Sai dai darasin da Turanci yake, data da cajin waya kuɗi ne, kuma idan ya rikice ba wanda zai tambaya. Isar ma ba ta da tabbas. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ciki har da Raba da Goronyo, duk mai karatu ta waya ya tsaya cik. Da an sauke darussan an fassara su da Hausa, an danƙa wa malami ɗaya a makarantar gari, da karatun ya ci gaba a watannin nan.