Masauki, Mashaya da Zauren Gari: Nazarin Otal ɗin Karkara a Ostireliya

Gabatarwa

Da wuya matafiyi ya ratsa ƙaramin gari a karkarar Ostireliya bai ga wani tsohon gini a bakin babbar hanya ba, mai faffaɗar baranda da rufin kwano, an rubuta sunan otal a goshinsa. A cikinsa akwai kantar sayar da giya, da ɗakin cin abinci, da zauren taro, da ɗakunan kwana. Wannan nazari ya ɗauki Otal ɗin Birdsville na jihar Queensland a matsayin babban misali, domin nuna cewa abubuwa biyu ne suka gina irin waɗannan gidaje, wato hanya da doka. Karɓar baƙin da ake yaba musu a yau sharaɗi ne da hukuma ta gindaya tun farko, kuma kowane sauyi da ya same su ya biyo bayan sauyin ɗayan abubuwan nan biyu ne.

Lasisi da sharaɗinsa

A ƙarni na 19, lokacin da yankunan Ostireliya ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, dokokin lasisi sun ɗora wa mai son sayar da giya nauyin tanadar ɗakunan kwana, da abinci, da bargar dawaki, da fitila mai ci a ƙofa cikin dare. Da wannan dabara gwamnati ta sama wa matafiya masauki a ƙasa mai faɗin gaske ba tare da ta taɓa baitulmali ba, domin ribar giya ce ke biyan kuɗin gado da ciyawar doki. A garuruwan da ba a kai ga gina kotu ko zauren majalisa ba, a otal ake zama. Har binciken musabbabin mutuwa a nan ake yi, a ajiye gawa a ɗakin ƙasa mai sanyi kafin jami'i ya iso.

Hanya ce ta yanke inda za a gina su. Gano zinari a 1851 a kusa da Bathurst da Ballarat ya kwararo da mutane cikin ƙasa, sannan kamfanin kekunan doki na Cobb & Co, wanda aka kafa a Melbourne a 1853, ya buƙaci wurin sauya dawaki bayan kowace 'yar tafiya. Mai karatu zai iya tuna zangon fatake a hanyar Gwanja, inda nisan da dabba ke iya yi shi ke nuna wurin yada zango, gari kuma ya tsiro a gefensa daga baya.

Birdsville

Garin Birdsville yana bakin hamadar Simpson, kusa da kogin Diamantina, 'yar tazara kaɗan daga iyakar Queensland da Ostireliya ta Kudu. A da, ta nan makiyaya ke koro shanu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Marree, tafiyar sama da kilomita 500. Da yake a lokacin kowane yanki na karɓar harajinsa a kan iyaka, an kafa ofishin kwastan a garin. Makiyaya da fatake kan tsaya, tsayuwarsu kuma ita ce kasuwar masu otal. A 1884 aka gina Otal ɗin Birdsville da dutsen yankin, kuma akwai lokacin da garin ke da otal uku.

Haɗewar yankunan zuwa tarayya a 1901 ta kawar da harajin kan iyaka, sai dalilin tsayawa ya ragu, jama'a suka watse. Otal ɗin Royal da ke garin ya koma asibitin mishan a 1923. Abin lura shi ne sa hannu a kan tsarin mulki a can nesa ya isa ya durƙusar da kasuwar gari, ko da masu otal ɗin ba su rage kome a hidimarsu ba. A wasu wurare mota ce ta yi wannan aiki. Keken doki na ƙarshe na Cobb & Co ya yi tafiyarsa tsakanin Surat da Yuleba a 1924, kuma motar da ke cinye zango biyar a yini ɗaya ta bar masaukai huɗu babu baƙo.

Dokar ƙarfe shida

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyoyin masu ƙyamar giya sun yi nasarar sa jihohin Ostireliya ta Kudu, New South Wales, Victoria da Tasmania su tilasta rufe mashaya da ƙarfe shida na yamma. Queensland ta tsayar da nata a ƙarfe takwas daga 1923. Sakamakon ya saɓa wa niyya. Ma'aikacin da ya tashi aiki ƙarfe biyar sai ya ruga ya ɗura abin da zai iya cikin awa guda. Masu otal suka rushe ɗakunan hira da na wasanni don tsawaita kanta, suka manna tayil a bango saboda sauƙin wankewa. Gidan da aka gina don saukar baƙo ya zama wurin sha a tsaye. Dokar ta daɗe: Tasmania ta soke ta a 1937, New South Wales a 1955, Victoria a 1966, Ostireliya ta Kudu a 1967.

Wane ne baƙo?

Ƙofar otal ba ta buɗe wa kowa daidai ba. Masaniyar tarihi Clare Wright ta nuna cewa mata da yawa ne suka riƙe lasisin otal a Victoria, amma mace mai sayen abin sha an keɓe ta a wani ɗaki daban. A 1965 Merle Thornton da Rosalie Bogner suka ɗaure kansu da sarƙa a kantar Otal ɗin Regatta a Brisbane don nuna adawa, kuma a 1970 Queensland ta sauya dokar da ta hana mata sha a kanta. 'Yan asalin ƙasar, wato Aborijin, doka ta hana a sayar musu da giya har cikin shekarun 1960, kuma korarsu daga kanta ta ci gaba a aikace a wurare da dama ko bayan dokar hana wariyar launin fata ta 1975. Masu raƙuma Musulmi daga Afganistan da yankin da ya zama Pakistan, waɗanda a da ayarinsu ke kawo kayan masarufi Birdsville, sun zauna ne a unguwarsu a gefen Marree, inda suka gina masallaci. Saboda haka duk wanda ya kira otal zauren gari, sai ya ƙara da bayanin waɗanda aka bari a waje.

Abinci, biki da na'urar caca

Daga shekarun 1970 ribar giya kaɗai ta daina riƙe gida. Victoria ta fara tare direbobi a hanya don gwajin numfashi na gano shan giya a 1976, New South Wales ta bi sahu a 1982, manomin da gonarsa ke da nisa ya rage zama a kanta. Gonaki suka haɗe a hannun mutane kaɗan, matasa suka nufi birane, bankuna suka rufe rassansu. Hanyoyin tsira biyu suka bayyana. Ta farko ita ce na'urar caca, wadda New South Wales ta halatta wa otal a 1997, alhali Ostireliya ta Yamma ta hana. Tana kawo kuɗi, sai dai daga aljihun mutanen garin suke fitowa, tare da matsalar jarabar caca. Ta biyu ita ce kicin da zaure: gasasshen nama da soyayyar kaza ga iyali, walimar aure, zaman bayan jana'iza, taron ƙungiyar manoma da na 'yan ƙwallo.

Birdsville ta dogara ne da masu yawon buɗe ido. Ƙidayar 2021 ta nuna mazauna garin 110, amma tseren dawakin da aka fara tun 1882 yana tara dubban mutane kowane Satumba, kuma filin jirgin sama yana daf da ƙofar otal. Kasuwar ta watannin sanyi ce, idan zafin hamada ya shigo sai ta lafa. Akwai kuma tsarin mallakar jama'a, wanda garin Renmark ya fara tun 1897, inda ribar otal ke komawa ayyukan gari.

Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa tsufan gini ba ya ciyar da shi. Otal ɗin karkara yana rayuwa ne idan akwai hanyar da ke kawo baƙi da dokar da ta bar masa abin samu. Wanda ya jingina da caca yana tatsar garin da yake ciki, wanda ya jingina da masu yawon buɗe ido kuma yana hannun yanayi da farashin mai. Mafi ɗorewa shi ne wanda mutanen garin da kansu ke buƙatar zaurensa duk shekara, ciki har da mata da 'yan asalin ƙasar da a da aka hana su shiga.