Bayan Tafiyar Inna

Na tashi a Gubuchi, cikin ƙasar Maƙarfi, na tarar da yayata tana rarrafe a tsakar gida. Tana shekara uku zazzaɓi ya kwantar da ita, da ta farfaɗo sai ƙafar hagu ta ƙi ɗaukar ta. Kakarmu ta ce Inna ce ta sha ƙafar, wato aljanar da 'yan bori ke ɗora wa alhakin shanyewar gaɓa, wadda cutar shan-inna ta samo suna daga gare ta. Aka yi turare, wanzami ya yi tsaga, amma ƙafa ta ci gaba da motsewa, gwiwa ta ƙage.

Sai da Baba ya sayar da rakensa na shekara ya kai ta sashen gashi na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A can aka bayyana masa cewa ƙwayar cuta ce ta kashe wasu jijiyoyin laka, kuma babu allurar da ke rayar da su. Abin da ya rage shi ne ceto naman da bai mutu ba. Aka koya wa mahaifiyarmu ɗumama ƙafar da miƙar da gwiwa safe da yamma, aka auna wa yarinya takalmin ƙarfe da sanduna. Bayan shekara guda ta taka zuwa makaranta.

Wannan ilimi bai daɗe a ƙasarmu ba. A 1945 Turawan Ingila biyu suka fara aikin gashi a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas. Asibitin ƙashi na Dala a Kano ya buɗe a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta soma digirin fannin a 1966.

Ita kuwa cutar, ta sha gwagwarmaya da rigakafi. An dakatar da ɗigon a wasu jihohin Arewa a 2003, aka dawo da shi a 2004. A 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama, a Borno, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Fargabata a nan take. Cutar da ta yi wuyar gani, masu ɗauke da tabonta su ma sukan ɓace wa ido. Yayata ta haura talatin, takalminta ya tsufa, kafaɗunta sun gaji da sanda, kuma har yau sai ta je Zariya kafin ta ga mai gashi.