Ƙaramin Faifan da Ke Tayar da Rumbun Bayanai

Abubuwa uku suka faru a shekarar 2005, kowanne a nasa wurin. A Faransa, wani injiniya mai suna Olivier Cochard-Labbé ya fitar da FreeNAS, manhaja ta kyauta da ke mayar da tsohuwar kwamfuta rumbun ajiyar fayiloli na gida. A Amurka, Tom Mortensen ya fito da Unraid don irin wannan aikin. A watan Nuwamba kuma kamfanin Sun Microsystems ya buɗe wa jama'a ZFS, tsarin jera bayanai a kan faifai wanda Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka soma ginawa tun 2001. Daga nan wata al'ada ta yi ƙarfi a tsakanin masu haɗa wa kansu rumbun bayanai: manhajar da ke tayar da na'ura a ba ta ɗan ƙaramin faifai nata daban, hotuna da finafinai da takardu kuma su zauna a kan manyan faifai.

Amfanin wannan rabuwa yana bayyana ne ranar da akwatin rumbun ya ƙi tashi. Fitilunsa na kunne, fankarsa na juyawa, amma babu waya ko kwamfutar da ke ganinsa a layin gida. Mai shi ya nemo allo ya jona, sai ya tarar da rubutu ɗaya tak, cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba. Hankali kan tashi sosai a wannan lokacin, alhali sau da yawa ko fayil ɗaya bai taɓu ba. Ƙaramin faifan nan tamkar batirin tayar da janareta yake: in ya mutu injin ba zai yi motsi ba, amma lafiyarsa ƙalau. Sai dai an daɗe kafin a kai ga wannan sauƙin.

A 1988 David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da takardar da ta yaɗa sunan RAID. Hujjarsu ita ce ƙananan faifai masu araha, in an haɗa su wuri ɗaya, za su iya maye gurbin babban faifai mai tsada irin na manyan kwamfutocin lokacin. Matsalar ita ce yawan faifai yawan mutuwa, don haka sai a ware wani kaso na fili a riƙa ajiye lissafin da za a sake gina abin da ya ɓata da shi. A tsarin RAID 5, faifai huɗu masu terabait 4 kowanne suna ba da terabait 12 na ajiya, kuma ko wanne ɗaya ya mutu, sauran ukun za su iya dawo da abin da ke kansa.

Wannan ya magance mutuwar faifai, amma ya haifar da wata tambaya: wa ke riƙe da bayanin yadda aka haɗa su? Fayil ɗaya a yanyanke yake, gutsurensa a warwatse kan faifai da yawa. Dole a san wanne ne na farko, wanne ke biye, da girman kowane yanki. A shekarun 1990 katin RAID ne ke wannan aiki, irin waɗanda Mylex da Adaptec suke ƙerawa. Wasu katunan a cikin ƙwaƙwalwarsu suke riƙe bayanin, wasu kuma su rubuta shi a kan faifan amma da salon da kamfaninsu kaɗai ya sani. In kati ya ƙone, faifai na nan lafiya lau amma babu mai karanta su, sai an tafi farautar kati irinsa sak. Shi ya sa masu kula da manyan kwamfutoci suka saba sayen na biyu su ajiye a durowa.

Mafita ta zo ne daga ɓangaren manhaja. Linux ya fara rubuta ɗan bayani a jikin kowane faifai, mai faɗin ƙungiyar da yake ciki da matsayinsa a jere, kuma a 2001 Neil Brown na Ostiraliya ya fitar da mdadm, wadda ke karanta wannan bayani ta sake haɗa faifan a kowace kwamfuta. ZFS ta zarce nan. Tana rubuta takardar shaidar rumbun sau huɗu a kan kowane faifai, biyu a farkonsa, biyu a ƙarshensa, kowacce kilobait 256. Ko an cire faifan an juya wayoyinsu, ko an kai su wata na'ura dabam, umarnin zpool import zai leƙa su ya gane su waye. Har ma tana tuna na'urar da ta yi amfani da ita a ƙarshe, in ba a rufe ta da kyau a can ba ta ƙi buɗewa a wata sai an tilasta mata, don kada kwamfuta biyu su yi rubutu a kan faifai ɗaya a lokaci guda. Kuma ba ta rubuta sabon bayani a kan tsoho sai ta gama ajiye sabon a wani fili, abin da duk wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta zai san darajarsa.

FreeNAS ta farko ta gaji tsarinta daga m0n0wall, manhajar tsaron layi da Manuel Kasper na Suwizalan ya rubuta. Ƙarama ce ƙwarai, tana shiga katin CompactFlash ko filash na USB. In na'ura ta tashi sai ta kwashe kanta zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta komawa kan filash ɗin sai an canza saiti, kuma duk saitin a fayil ɗaya yake. Filash ɗin da ba a yi masa rubutu yana iya shekaru, don haka al'adar ta karɓu: a soka ɗan filash a bayan akwati a manta da shi.

Kamfanin iXsystems ya karɓi ragamar aikin, ya sake rubuta manhajar ya fitar da FreeNAS 8 a 2011. A ƙarshen 2014 FreeNAS 9.3 ta sa ZFS a kan faifan tayarwa shi kansa. An ci riba, domin yanzu ana iya jona filash biyu su zama kwafin juna, kuma in sabuntawa ta zo da matsala ana iya komawa ga tsohuwar. Amma rubutu ya ƙaru, kuma filash mai araha ba a yi shi don wannan ba. Kowane ɗan gurbi a cikinsa yana da iyakar sau nawa za a goge a sake rubutawa, ga shi ba ya ba da gargaɗin lafiyarsa kamar yadda manyan faifai ke yi. Waɗanda suka sayi biyu iri ɗaya rana ɗaya kan ga sun gaji kusan tare. Daga bisani kamfanin ya daina ba da shawarar filash, ya koma cewa a yi amfani da ƙaramin SSD. A 2020 aka sauya wa manhajar suna zuwa TrueNAS CORE.

Wasu sun bi hanya dabam. Synology, kamfanin Taiwan da aka kafa a 2000, bai dogara da faifan tayarwa na daban ba: yana yanka ɗan fili a farkon kowane faifan ajiya ya zuba kwafin manhajarsa, ta yadda muddin ɗaya na raye na'ura za ta tashi. Unraid kuwa ta daɗe tana riƙe da filash, har ta ɗaure lasisinta ga lambar da ke jikinsa, don haka mutuwarsa na nufin sai an mayar da lasisi kan sabo. A can babban haɗarin shi ne mutum ya manta wane faifai ne na lissafin kariya, ya ba faifan kaya wannan matsayi, manhaja ta rubuce shi tas.

Aikin farfaɗowa a TrueNAS bai da tsawo, amma akwai inda ake tuntuɓe. Masu hankali sukan fara da zare wayoyin manyan faifai kafin su girka manhaja a sabon SSD, domin mai girkawa yana share duk faifan da aka nuna masa, kuma sunayensu a allo sun yi kama da juna. Bayan nan a mayar da wayoyi. Wanda ya taɓa sauke fayil ɗin saiti ya ajiye, sai ya ɗora shi, na'ura ta sake tashi da masu amfani da ita da manyan fayilolin da aka raba kamar babu abin da ya faru. Wanda bai ajiye ba, ya shigo da rumbun da hannu ya sake gina saitin ɗaya bayan ɗaya. Anan lambobi ke ba da wahala, domin fayil ba ya riƙe sunan mai shi sai lambarsa. In an sake ƙirƙirar mutum da wata lamba, za a hana shi buɗe kayansa.

Abu ɗaya ne ba a iya rubuta shi a jikin manyan faifai: mabuɗin ɓoye bayanai. A zamanin FreeNAS ana kulle faifai da wata manhaja mai suna GELI, kuma mabuɗin yana zaune ne a kan faifan tayarwa, da gangan, don ɓarawon da ya zare faifan kaya kada ya karanta komai. Manhajar takan nemi mutum ya sauke kwafin mabuɗin tun ranar da ya kulle rumbun. Wanda ya tsallake wannan saƙo, ko ya ajiye kwafin a cikin rumbun da ya kulle, in filash ɗinsa ya mutu zai tarar da faifai lafiyayyu waɗanda babu kamfanin ceto bayanai da zai iya buɗe masa. TrueNAS 12 ta kawo kullewar ZFS ta asali, wadda ke ba da zaɓin kalmar sirri da mutum zai riƙe a kansa, amma wanda ya zaɓi mabuɗin fayil har yanzu sai ya fitar da kwafinsa ya ajiye a wata na'ura.