Haraji da Masu Hannu da Shuni a Tarihin Ƙasar Kano

Haraji a ƙasar Kano ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, kuma tun da aka fara karɓarsa ake kuka da shi. Manomi ya yi kuka, makiyayi ya yi, attajiri ma ya yi, amma ba amsa ɗaya suka samu daga masu mulki ba. Akwai lokutan da mai dukiya yake da cikakkiyar hujjar ƙorafi. A mafi yawan zamunna kuwa nauyin ya fi sauka a kan wanda dukiyarsa take a fili, ana iya ƙidaya ta: gona, saniya, ramin rini, kan magidanci, a yau kuma albashi.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, ake tattauna abin da ya halatta sarki ya karɓa. Shehu Maghili ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna, inda ya ware hanyoyin kuɗin shiga na halal, irin su zakka da jiziya, daga na zalunci. Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta faɗaɗa hanyoyin saboda tsadar yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya ce Kutumbi (1623 zuwa 1648) ne ya fara karɓar jangali daga Fulani, har Jahunawa kaɗai suka ba da shanu 100. Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731) ya ƙirƙiro hanyoyi bakwai na tara kuɗi, ciki har da harajin Kasuwar Kurmi da na 'yan mata idan za su yi aure, kuma marubucin tarihin ya ɗauke su duka a matsayin ƙwace.

A zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), wanda ya sha fama da Gobirawa, aka matsa wa Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, aka kuma ɗora wa malamai jiziya. Larabawan fatake suka naɗe kayansu suka koma Katsina, talakawan birni da yawa suka watse cikin ƙauyuka. Kukan attajiran wancan lokaci yana bisa gaskiya, domin abin da ake karɓa ba shi da ƙa'ida, ba shi da iyaka, kuma ya kashe cinikin da ake tatsa. Katsina ce ta ci ribar wannan kuskure, ta zama babbar cibiyar fatauci a ƙasar Hausa cikin ƙarni na 18. Duk da haka gudun bai zama iri ɗaya ba. Balarabe ya tafi da jarinsa wani birnin inda aka karɓe shi hannu bibbiyu, talaka kuwa ya bar sana'arsa ta birni ya koma neman abin da zai ci.

Masu jihadi sun sa batun haraji cikin manyan hujjojinsu. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa cikin al'adun sarakunan Hausa da shari'a ba ta yarda da su ba. Kano ta shiga hannun jama'ar Shehu a 1807. Sai dai mulki yana cin kuɗi, kuma kafin a yi nisa da yawa daga cikin tsofaffin hanyoyin sun dawo, musamman daga zamanin Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846). Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta abin da ya tarar: kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowane ramin rini wuri 700 na kuɗin karofi, alhali a cikin birni kaɗai ramukan sun haura 2,000, kowace bishiyar dabino wuri 600, kowane bawa da aka sayar a kasuwa wuri 500, ga kuma kuɗin rafi a kan kayan lambu.

Duk abin da ke cikin wannan jeri abu ne da jakada zai iya tsayawa a kansa ya nuna da yatsa. Ribar da falke ya ci a kan goron Gwanja ko turkuɗin Kura ba ta da wurin da za a tsaya a ƙirga ta. Wannan ba ya nufin attajiri ya tsira. A hanyar Gwanja madugu yakan yi cinikin kuɗin fito gari bayan gari, a gida kuma akwai gaisuwa da ake kai wa fada da manyan masu sarauta. Gaisuwa ba ta da adadi, wanda ya rage ta yana iya rasa inuwar da ke kare dukiyarsa, wanda ya yawaita kuma ya tona asirin abin da yake da shi. Damuwar mai kuɗi a wancan tsari ita ce rashin tabbas. Amma gaisuwa tana sayo masa kusanci da kariya, abin da kuɗin ƙasa bai taɓa sayo wa manomi ba. Akwai kuma gidajen malamai da na masu mulki da aka yi wa hurumi, aka ɗauke musu biya.

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903. Cikin harajin farko da gwamnatin Lugard ta ɗora akwai na ayarin fatake, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har ya kai kashi 15. Fatake suka koka, kamfanonin Turawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Ingila su ma suka koka cewa ana daƙile ciniki, kuma a 1907 aka soke shi. Shekara guda kafin nan mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka yi tawaye. Aƙidar Mahdiyanci ce ginshiƙin tawayen, amma ƙin biyan haraji yana cikinsa, kuma amsar da suka samu ita ce an shafe garin baki ɗaya.

Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta haɗe tsofaffin haraji iri-iri suka zama guda, ban da jangali. Aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki da ma'aikatansa albashi, ana raba abin da aka tara tsakanin En'e da gwamnatin Turawa. A ƙasar Kano an yi zamanin taki, inda malamai ke auna gona da taku su yanka mata kuɗi. A takarda, manufar Lugard ita ce kowa ya biya gwargwadon samunsa. A aikace kuwa sai a yi ƙidayar baligai, a yanka wa gari jimilla, dagaci da masu unguwa su raba wa magidanta, kuma bambancin abin da mai hali da mara hali ke biya bai taka kara ya karya ba. Tilas ne kuma a biya da kuɗin Turawa, wanda hakan ya tura manoma noman gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Nan ne wahalar ta taru. Ana karɓar haraji da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don haka wanda gyaɗarsa ba ta yi ba sai ya sayar da geron da zai ci ko akuyar matarsa, da bazara kuma ya sayi geron da tsada ko ya ci bashi. Wanda ya kasa biya yana iya shan ɗauri ko a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Matasa suka riƙa tafiya cin rani don neman kuɗin, kuma mutum ba ya tafiya hankali kwance sai da takardar haraji a aljihu. Da farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, harajin bai sauka daidai da faɗuwar ba. Makiyaya su ma kowace damina sai an bi su an ƙirga shanu, abin da ya sa wasu ke tsallaka iyaka ko su ɓoye garke a daji.

A daidai wannan zamani ne dukiya irin wadda ba a taɓa gani ba ta taru a birni. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 banki a Kano a 1929, kuma da ya rasu a 1955 ana ɗaukarsa wanda ya fi kowa arziki a Afirka ta Yamma. Tsarin da aka gina don ƙirga kawuna da takun gona ba shi da ma'aunin irin wannan samu. En'e ta fito da kuɗin masu arziki don manyan 'yan kasuwa, amma da yake yawancinsu ba sa ajiye littafin lissafi irin wanda jami'i zai duba, sai ya zama kintace. Kintace yana iya zaluntar ɗan kasuwar da ba ya shiri da mai unguwa, yana kuma iya sauƙaƙa wa wanda ke da uwa a gindin murhu. Ƙorafin cewa ana yankan da son rai gaskiya ne. Ƙorafin cewa ya yi yawa kuwa da wuya ya tsaya idan aka gwada shi da kason da manomi ke bayarwa daga ɗan abin da ya noma.

Manomin ma haraji biyu yake biya. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, suna sayen amfanin gona ƙasa da farashin kasuwar duniya su riƙe rarar. Da wannan rara aka yi ayyukan raya ƙasa masu yawa, daga cikinta kuma aka ba 'yan kasuwa rance, yayin da dillalai masu lasisi ke samun la'adarsu a kan kowane tan. Babu takardar shaida da aka taɓa ba manomi a kan wannan kuɗi. Ba abin mamaki ba ne da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta mai da haraji da jangali da cin zalin masu karɓarsu jigon gwagwarmayarta. Magadanta a jam'iyyar PRP ne suka cika alkawarin: a 1979 gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka sanar da soke haraji da jangali. Kuɗin man fetur ne ya sa hakan ya yiwu, domin jihohi sun koma dogaro da kason da ke zuwa daga tarayya.

Abin da ya saura shi ne harajin samun mutum, kuma mafi sauƙin karɓa shi ne na ma'aikaci, wanda ake cirewa kafin albashi ya shiga hannunsa. Gyaran dokar 2011 ya sa kason ya fara daga kashi 7 cikin 100 ya tsaya a kashi 24. Likita ko manajan banki ko babban injiniya mai albashi mai tsoka yana biya cif-cif duk wata, ba shi da damar ciniki. Sannan ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareto ko sola, ya biya mai gadi, ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi. Idan ya tambayi abin da aka yi da kuɗinsa, tambayarsa tana kan hanya. Idan ya nuna wani ɗan kasuwar da cinikinsa na mako ya fi albashinsa na shekara amma yana biyan abin da aka sasanta a kai, nan ma ya faɗi gaskiya. A 2017 gwamnatin tarayya da kanta ta ce mutum 214 ne kacal a duk Nijeriya ke biyan harajin da ya kai naira miliyan 20 a shekara.

Inda hujjar mai albashi ke yin rauni shi ne batun yawan kason. Kashi 24 na dokar 2011 ya yi ƙasa da kashi 35 na Ghana da kashi 45 na Afirka ta Kudu da Ingila. Kuma rashin ruwa da wuta da tsaro da yake kuka da shi ya fi cin wanda ba shi da halin saya wa kansa mafita. Mai shayi da mai tebur a bakin kasuwa da ɗan dako suna biyan tikiti iri-iri, wani da rasit wani babu. A 2021 direbobin Adaidaita Sahu a Kano sun yi yajin aiki a kan naira 100 da ake karɓa a hannunsu kullum. Harajin kayan masarufi, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, bai san fuskar mai saye ba.

Akwai attajiran da ke cewa sun fitar da zakka, don haka sun sauke nauyi. Zakka farilla ce, kuma Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Amma zakkar kuɗi kashi 2.5 ce cikin 100, kuma Alƙur'ani ya ƙayyade rukuni 8 da ake ba ta, yawancinsu mabukata. Titin da tirelolin ɗan kasuwa ke bi da kotun da ke ƙwato masa bashi daga wata taskar ake biyansu.

Dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na samun shekara, ta kuma ɗaga kaso mafi girma zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura naira miliyan 50. Wannan ya sauƙaƙa wa ƙananan ma'aikata, ya ɗan ƙara wa manya. Karɓar harajin ɗaiɗaikun mutane dai tana hannun hukumomin tara kuɗin shiga na jihohi, kuma su ne za su tantance samun 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau, inda ciniki mai yawa ke gudana da amana da baki ba tare da littafi ba.