Gona, ruwa da ƙuri'a: kafuwar ƴan Mormon a jahar Aidaho

1. Gabatarwa

Aidaho jaha ce ta duwatsu, kiwo da noman dankalin turawa a arewa maso yammacin Amurka. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu na mazaunanta ɗan ikilisiyar Mormon ne. In aka cire Yuta, babu jahar da ta kai ta. Amma a 1890 ɗan Mormon ba shi da ikon jefa ƙuri'a a can. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna cewa ba ta hanyar wa'azi addinin ya kafu a jahar ba: ƙaurar manoma da tsarin rabon ruwa suka kafa shi.

2. Daga wa'azi zuwa ƙaura

Joseph Smith ya kafa ikilisiyar a jahar New York a 1830. Bayan kashe shi a 1844, Brigham Young ya ja mabiya zuwa kwarin Salt Lake, a Yuta ta yau, a 1847. Daga can ne aka aika masu wa'azi arewa a 1855, suka gina sansanin Lemhi don kiran ƴan asalin ƙasar. Abin bai ɗore ba: a 1858 Bannock da Shoshone suka kai musu hari, suka kore dabbobinsu, aka watse.

Zuwa na biyu na masu garma ne. A 1860 wasu iyalai suka kafa Franklin, garin fararen fata na farko da ya ɗore a Aidaho. Su a ganinsu cikin Yuta suke. Sai awon iyaka na 1872 ya nuna sun tsallaka. A 1863 Charles C. Rich ya kai wani ayari bakin tafkin Bear, suka kafa garin da suka sa wa suna Paris.

Bai kamata mu manta ba, ƙasar tana da masu ita. Gonaki da shanun baƙi sun cinye wuraren farauta da tsince-tsincen Shoshone. Ranar 29 ga Janairu 1863 sojojin Kanar Patrick Connor suka faɗa wa zangonsu a kogin Bear, kusa da Franklin, suka kashe aƙalla mutum 250, har da mata da yara. Bayan wannan kisa ne hanyar arewa ta buɗe.

3. Ruwa da tsari

Filin kogin Snake busasshe ne, ruwan sama ba ya isar shuka. Mutum ɗaya ba ya iya haƙa magudanar da za ta kawo ruwa daga kogi zuwa gona. Sai an yi gayya. Nan ƴan Mormon suka fi maƙwabtansu. Gidajensu a haɗe suke cikin ƙauye, gonaki a kewaye. Limamin unguwa, wanda shi ma manomi ne ba shi da albashi, yana sa hannu a rabon fili da aikin magudana, yana karɓar kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, alkama ko ɗan maraƙi, yana taimakon mabukata da shi.

Layin dogo ya kai Franklin a 1874, sa'an nan ya miƙe zuwa Montana. Samarin da suka yi aikin shimfiɗa shi suka ga ƙasa mai kyau, suka dawo da iyalansu. Thomas E. Ricks ya kafa Rexburg a 1883. A 1888 aka buɗe makaranta a garin, ita ce ta zama jami'ar BYU-Idaho a 2001.

4. Rantsuwar hana zaɓe

Yawansu ya tsorata ƴan siyasa, domin baki ɗaya suke zaɓe, galibi ga jam'iyyar Demokarat. Fred T. Dubois, ɗan Rifablikan, ya riƙe auren mace fiye da ɗaya a matsayin makami. A zamanta na 1884-1885 majalisar yankin ta kafa doka: kafin mutum ya yi zaɓe ko ya riƙe muƙami, sai ya rantse ba ya cikin ƙungiyar da ke koyar da irin wannan aure. Ke nan har mai mace ɗaya, wanda su ne mafi yawa, dokar ta hau kansa. A 1890 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Davis da Beason, ta ce dokar daidai take, kuma Aidaho ta zama jaha da wannan hani cikin tsarin mulkinta.

A Satumba ta shekarar, shugaban ikilisiya Wilford Woodruff ya ba da sanarwar daina ɗaura irin wannan aure. Cikin ƴan shekaru suka koma rumfar zaɓe, a rarrabe tsakanin jam'iyyu biyu. Kalmomin hanin kuwa sai a 1982 aka share su daga tsarin mulki.

5. Ƙarni na ashirin

An keɓe haikalin Idaho Falls a 1945. Ezra Taft Benson, ɗan ƙauyen Whitney, ya zama ministan noma na Amurka daga 1953 zuwa 1961, ya kuma shugabanci ikilisiyar daga 1985 zuwa 1994. Ranar 5 ga Yuni 1976 madatsar ruwa ta Teton ta fashe, mutum 11 suka mutu, ruwa ya ci Rexburg. Makarantar nan da ke bisa tudu ta zama mafaka, ƴan gayya suka riƙa zuwa daga Yuta cikin motoci suna kwashe laka. Tsarin da ya haƙa magudana shi ya share ɓarnar ruwa.

6. Kammalawa

Taswira ita ce shaidarmu. Kudu maso gabas, inda ake ban ruwa, nan ƴan Mormon suka yi yawa. Arewa, ƙasar ma'adinai da katako, ba su da ƙarfi. Doka ta iya raba su da ƙuri'a na ɗan lokaci, ba ta iya raba su da gona ba. Shoshone kuwa, da aka raba da ƙasa, a 2018 suka sayi wani yanki na filin kogin Bear da kuɗinsu.